Takardar Boko a Ka'akiyya

Ko da zan manta duk abin da na gani a shekarun da na yi ina karatu a Makka, ba zan manta ranar da na yi wa wani tsoho tafinta a unguwar Ka'akiyya ba. Shekara goma ke nan da 'yan kai.

Tsohon haifaffen Makka ne, iyayensa sun zo aikin hajji a ƙasa tun kafin Turawa su zauna da gindinsu a ƙasar Hausa. Da shanyewar ɓarin jiki ta same shi, sai Larabci ya kuɓuce masa, ya koma Hausar da ya sha a nono. 'Ya'yansa kuwa ba sa jin komai sai gaisuwa. Babban ɗansa, wanda muke salla a masallaci ɗaya, shi ya roƙe ni in zo.

Na sami tsohon kwance bayan la'asar. Ya sa aka ɗauko wata tsohuwar takarda da ke nuna cewa su sharifai ne, wadda gidan ke alfahari da ita. Ya ɗora yatsa a kai ya ce, "Ɗana, gaya musu wannan boko ce."

Na duba na ga rubutun Larabci ne tsantsa, babu harafin boko ko ɗaya. A lokacin ina ji da kaina, ina ganin babu Hausar da za ta shige mini duhu. Sai na gaya wa ɗansa cewa ciwo ne ya rikita Baba. Tsohon ya maimaita har sau uku, hawaye na bin kuncinsa, ana shafa masa kai ana ba shi haƙuri.

Bayan kwana biyu na kira kakata a Katsina, na ba ta labari. Sai ta tambaye ni ko ban taɓa jin amaryar boko ba, wadda ake ɗorawa a kan doki a madadin ta gaske. Ta ce a bakin mutanen da, boko shi ne abin da ba na gaskiya ba, daga baya aka liƙa wa karatun Nasara sunan. "Maigida, mutumin nan nauyi yake son saukewa kafin ya tafi, kai kuma ka tare masa hanya."

Nan take na tashi. Na hau mota daga Aziziyya, unguwar da nake zaune, ina addu'ar Allah ya sa in same shi da rai. Na durƙusa a gabansa na ce, "Baba, takardar ƙarya ce?" Ya lumshe ido ya ce alhamdu lillahi. Da ƙyar ya bayyana cewa mahaifinsa ne ya sa aka rubuta ta a hanya don a riƙa saukar su da mutunci, kuma ba ya son jikokinsa su ci gaba da jingina kansu ga gidan Manzon Allah da ƙarya.

Na fassara kalma bayan kalma. Da na gama, ɗan ya naɗe takardar ya sumbaci goshin mahaifinsa. Ranar Juma'a aka yi wa tsohon sallar jana'iza a Harami.

Tun daga nan, idan babba ya faɗi maganar da ban gane ba, ilimina nake fara tuhuma kafin hankalinsa.