Tsumman Kawu Mamman da Kwamfutar Gwanjo

Ku da kuka san Kawu Mamman Tafireta na Ƙofar 'Yandaka, kun taɓa ganinsa babu tsumma a kafaɗa? Ni dai ban taɓa ba. Kujerar mutane sai ya goge ta kafin ya zauna. Ranar ɗaurin aurena ma sai da ya goge wa liman tabarau, bawan Allah yana tsakiyar addu'a. Aka yi masa magana, ya ce, "To mi? Tsabta cikon addini ce."

Shekarun da kuɗin mai suka sake zubowa, ofisoshin GRA suka yi ta sauya kwamfutoci, Kawu ya sayo tsohuwa a gwanjo. Shekara talatin yana buga takardun gwamnati, ya ce yanzu na gidansu zai buga. Da yatsa biyu, ƙwas-ƙwas, shekara shida yana shigar da salsalar danginmu, wadda ya tattaro daga bakin tsofaffin Batagarawa da duk sun riga mu gidan gaskiya. Na kawo masa filashi don ya kwafe ta a ciki ya adana, ya juya shi a tafin hannu ya ce, "Bishir, wanga abu kamar ƙwallon dabino shi za ya ɗauki kakannina? Raina mani hankali dai!"

Da kwamfutar ta fara tafiyar hawainiya, ni da na yi difloma nake jin kaina injiniya, na sayo mata sabuwar furosesa, ƙwaƙwalwar injin ke nan. Na ɗaura, na shafa mata farin man da ke hana ta zafi. Aka kira la'asar, na fita alwala, na dawo na ɗora fanka a gurguje na rufe.

Muka kunna. Fanka ta yi fuuu, sai ɗif! Muka sake, ɗif!

Innalillahi! Kawu ya dafe ƙirji. "Ka kashe mani kakanni karo na biyu!"

Na zargi wuta, muka tada janareta, ɗif. Na ciro ram, 'yar ma'ajiyar bayanan da ke cikinta, na mayar. Na aro akwatin da ke raba wa kwamfuta wuta a shagon maƙwabci. Kwana biyu ina zufa, shi kuwa yana tsaye a kaina yana tofa mata Ƙulhuwallahu, abinci ma ya ƙi ci. Rana ta uku na ɗaga fankar, sai ga furosesa tas tana ƙyalli kamar sabon kwano.

"Kawu, ina man da na shafa nan?"

"Wannan ƙazantar? Kashin tsuntsu na zata. Kana alwala na goge maka ita. Ko godiya ba ka yi ba!"

Na ce to sai an sayo wani man. Ya ce a'a, ga man shanu a gida. Da ƙyar na ƙwaci kwamfutar, yana bina da cokali har bakin zaure.

Da na sayo man na shafa ta tashi, sunayen suka fito reras, Kawu ya juya baya yana share ido, wai ƙura ce.

Bayan rasuwarsa na buɗe salsalar nan. Kowa yana ciki, har jaririyata da aka yi wa suna sati biyu kafin ya kwanta ciwo. Mutum ɗaya ya manta, shi kansa. Na zauna na buga sunansa da yatsa biyu, ina kuka kamar yaro.

Allah Ya jiƙan Kawu Mamman, Ya haskaka kabarinsa, Ya sada shi da mutanen da ya ƙi bari a manta.