Shehun Fatirar Tuffa

An taɓa gurfanar da ni gaban umdan unguwarmu a Jidda bisa zargin na kafa sabon addini. Addinin kuwa na fatirar tuffa ne. Na ga abubuwa da yawa a duniya, wasu sun ɓace mini, wasu ni na ƙi tunawa da su, amma wannan kam ba zan manta ba har a sa ni a kabari.

Ni Bahaushen Sudan ne, a Gadarif aka haife ni. Ban yi karatu ba sai abin da zan yi salla da shi, wannan ma da kuke karantawa ni ke faɗa, jikata ke rubutawa. Daga Sawakin na tsallako Bahar Maliya a jirgin katako. Iska ta yanke mana, muka yi kwana tara a tsakiyar ruwa. Ni aka ɗora wa rabon ruwan sha da murfin buta, don an ga hannuna ba ya rawa, kuma roƙo ba ya shiga kunnena. Ba duka muka sauka ba. Tun daga nan magana ta ragu a bakina.

A Jidda ga-ruwa na yi. Garwa biyu a jikin sanda, sanda a kafaɗa, daga famfon unguwa zuwa saman benaye. Shekara goma sha ɗaya ba ni da takarda. In na hango motar kame sai in shige lungu. Na lura wanda ba ya magana ba a cika tuna fuskarsa ba, sai na riƙe shiru ya zama mini sutura. A shekarar da nake ba ku labari, wani mai sayar da 'ya'yan itace a Bab Makka, wanda nake kai wa ruwa, ya yarda ya tsaya mini kafili. Abu ɗaya ya rage in sami iƙama, izinin zama a ƙasar: umda, wato mai unguwa, ya buga hatiminsa a takarda cewa ni mutumin kirki ne. Takardar tana hannunsa ina jira.

Mu biyar ne a gida ɗaya a Ammariyya. Biyu daga ciki su ne suka jawo mini: kuku da tela. Kukun yana aiki gidan wani Baturen Amurka, matar gidan ta koya masa wani abu da suke gasawa, fulawa da man shanu sama da ƙasa, tsakiya tuffa da sukari da kirfa. Larabawa suna ce masa fatira, mu ma muka bi su. Wata Alhamis bayan la'asar ya zo mana da ragowa a faranti. Muka ci. Ɗan dako ɗaya da ke cikinmu har ya lumshe ido.

Tela ne ya fara buɗe baki. Shi dama bakinsa ba ya hutawa.

"Jama'a, wannan ba abinci ba ne. Wannan addini ne."

"Astagfirullah!" in ji kuku. "Kai dai bakinka zai kai ka wuta."

"To, ɗariƙa ce. Halas? Kuma na ga shehunta." Ya nuno ni.

Dalilinsa biyu. Na ɗaya, ba na magana, ya ce duk waliyyai haka suke. Na biyu, in na riƙe wuƙa ba wanda yankansa ke fin na wani ko da faɗin farce. Wannan kam gaskiya ya faɗa, a jirgi na koya.

Daga nan abin ya zama na kowace Alhamis. Ni nake karɓo tuffar da ta bugu wajen kafilina, kuku ya gasa da izinin matar Baturen, tela kuma kullum da sabuwar doka. Ba a ci a tsaye. Ba a magana sai an haɗiye loma ta farko, sannan a ce "mmm" sau uku, wannan shi ne wuridi. Wanda ya bar ɓawo a faranti ya fita daga ɗariƙa, ba ya dawowa sai ya dafa wa kowa shayi. Har rabuwar kai aka yi: 'yan tsakiya, masu son inda tuffa ta narke, da 'yan gefe, masu son ɓawon da ya ƙone kaɗan. Kuku ɗan tsakiya ne, tela ɗan gefe, kullum suna ce wa juna ɓatattu. Tela ya wanke buhun fulawa ya naɗa mini rawani, ya kifa akwatin tuffa ya zama kujerata. Sallarmu dai tana nan yadda take, ba mu taɓa haɗa ta da wannan shirme ba. Ƙarti biyar ne da ba su da mata ba su da dangi, suka sami abin dariya sau ɗaya a mako. Ni kaina sai da na ji ina dariya da murya, na yi mamaki.

Sai aikin hajji ya ƙare. Alhazan ƙasar Hausa suka cika unguwa suna jiran jirgin komawa gida. Wata Alhamis muna tsakiyar wuridi, ido rufe, ni a kan akwati da rawanina, sai na ji sallama. Wata tsohuwa ce Bakatsiniya da sanda, daga gidan da ke bayanmu. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta lallaɓa ta durƙusa gabana.

"Allah gafarta Shehu, a sa mini albarka. Gwiwa ta hana ni sakat."

Tela ya cusa hula a baki. Kuku ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa suna rawa. Nan ne ya kamata in ce, "Iya, tashi, wasa muke yi." Kalma biyar. Ban faɗa ba. Na yanka mata daga rabona na miƙa. Ta ci, ta ce "mmm" sau uku kamar yadda ta ji muna yi, ta yi godiya ta tafi.

Alhamis ta gaba ta dawo da tsofaffi uku. Ta bayanta kuwa mutane har bakin titi, maza da mata. Kun san halin mutanenmu a ƙasa mai tsarki, duk abin da aka ce akwai albarka a ciki sai sun kai gida, ko ƙasa ce ko ruwa. Na riƙa yanka siriri kamar takarda. Wasu ba sa ci, sai su ƙulle a bakin zane, wai tsarabar 'yan gida. Wani dattijo ya shafa ƙafata ya shafa a fuskarsa, ƙafar da ta wuni a cikin caɓin bakin famfo. Ranar tsoro ya kama ni. Duk da haka ban ce komai ba. Shiru ya tsare ni shekara goma sha ɗaya, na ɗauka wannan karon ma zai tsare ni.

Asabar da hantsi ina ɗauke da garwa, ɗan aiken umda ya tare ni. "Yalla, ajiye. Ana kiranka, kai da tela da kuku."

Umda yana zaune a kan dogon gadon katako a ƙofar gidansa, dattawa kewaye da shi. Na hango takardata a gefensa, ya ɗora kofin shayi a kai. Da Larabci ya yi magana.

"An ce ka zama shehu. An ce kana da ɗariƙa, kana raba wa mutane abin da ke warkar da cuta. Ka san a ƙasar nan ba a wasa da irin wannan? Jirgin Bur Sudan yana tashi ran Talata, akwai wuri a ciki."

Na dubi tela. Mutumin da ko a barci yana magana, ranar ko tari bai yi ba. Kuku kuwa yatsun ƙafarsa yake ƙirgawa. Dole na buɗe baki.

"Ya umda, fulawa ce da tuffa da sukari. Wasa ne. Ni ko alif ban sani ba."

"Ka taɓa ce wa wani magani ne?"

"Ban taɓa cewa komai ba."

"To ai shi ne," in ji shi. "Tsohuwa ta durƙusa gabanka ba ka ce komai ba. A kira mini ita. In ta ce ruɗarta aka yi, ka haɗa kayanka."

Aka je aka zo da ita tana dogara sanda. Aka sa wani ya yi tafinta. Na tuna kwana taran nan, na ce ashe zan sake hawa ruwan, saboda ɓawon fulawa.

"Ya Hajja, wannan mutum ya ce miki abin nan magani ne?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Wannan? Ashe yana da murya? Da na ɗauka bebe ne."

"Gwiwar ta warke?"

"Ina fa! Tana nan yadda na zo da ita daga Katsina."

"To me ya sa kike komawa?"

Ta gyara tsayuwa. "Ɗana, gaya masa. Ni jikar malamai ce, matar malami ce, na san shehu in na gan shi. Shehu da rawanin buhu, sunan kamfani a goshinsa? Ƙamshi na ji ta taga, mako biyu yana hana ni zama. Na leƙo na ga ƙarti biyar a kan faranti ɗaya. In na ce ku sam mini, wa zai kula ni? Amma in na ce albarka, ba ɗan Musulmin da zai iya hanawa."

Tafinta bai ko buɗe baki ba umda ya fashe da dariya, har shayi ya sarƙe shi. Ashe kakarsa Bahaushiya ce. Yana jin Hausa sarai, mayarwa ce ke ba shi wuya. Ya share hawaye ya ce da wata karyayyiyar Hausa, "Kaka, kai ɓarawo ne."

"Ke ake cewa," in ji ta. "Kuma ban sata ba, ba ni aka yi."

Sai umda ya tambaye ta sauran fa, masu ƙullewa a zane. Ta daina murmushi. Ta ce ukun da ta kawo kwaɗayi ne irin nata, amma na baya kam sun yarda da gaske, akwai wanda matarsa ke kwance a gida, ita zai kai wa.

Umda ya ɗaga kofin daga kan takardata, ya dube ta, ya mayar.

"Alhamis zan zo da kaina. Ka tsaya ka gaya musu da bakinka, ba da bakin tela ba. Sannan mu yi zancen hatimi."

Ɗaukar garwa zuwa hawa na biyar ya fi mini sauƙi a kan wannan. Alhamis ta zo, mutane suka taru. Na hau akwatin, na kwance rawanin, na warware shi don kowa ya ga buhu ne.

"Ni ba shehu ba ne, ɗan ga-ruwa ne. Wannan fulawa ce da tuffa. Ba ta maganin komai sai kwaɗayi. Wasa muke yi, na ga kun ɗauka da gaske, na yi shiru. Laifina ne, ku yafe mini. Wanda ya ƙulle a zane ya kwance ya zubar, ta yi tsami."

Ban taɓa jera magana mai tsawon wannan ba. Wasu suka yi dariya, wasu suka yi tsaki suka fita. Dattijon da ya shafa ƙafata ya zo ya tsaya gabana, shi ne mai mata a kwance. Bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ya ce, "Allah ya yafe mana duka." Washegari na ɗauke masa kaya a kai har bakin jirgi.

Da aka watse, kuku ya fito da sabuwar fatira mai zafi. Umda ya ce ba zai yanke hukunci a kan abin da bai ɗanɗana ba. Na ɗauki wuƙa. Ya ce, "Ba ni daga bakin, inda ya ƙone." Tela ya matso kunnen kuku ya raɗa, "Ɗan gefe ne. Na gaya maka mu ke kan gaskiya." Tsohuwa na yanka mata babba, ba ta durƙusa ba wannan karon. Umda ya gama, ya lashe yatsa, ya fito da takardata ya buga hatimi. Maiƙon babban yatsansa ya fito a kusurwarta, har aka canza mini ita da iƙama yana nan.

Ɗariƙa ta mutu ranar. Fatira dai mun ci gaba da ci har Baturen ya koma ƙasarsu, kuma tela bai daina ce mini Shehu ba har ya rasu. Abin da na koya ɗaya ne. Da ina ganin wanda bai buɗe baki ba bai yi ƙarya ba. Ashe mutum yana iya yin ƙarya bakinsa a rufe, in ya ga an ɗauke shi abin da ba shi ba ya ƙyale.

Yanzu ina nan Ammariyya, layi biyu daga tsohon gidan, wajen ɗana. Kafaɗa ta ƙi ɗaukar komai. Likita ya hana ni sukari. Ran Alhamis jikata takan sayo fatirar tuffa, ni nake yanka musu, ba na ci.