Ma'ajin da Ya Bar Mana Majalisa

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana Habu, kuma bana ne karon farko da na zauna rubutu a kansa ina dariya. Ku yi mini uzuri, zumuɗi ne ya cika ni.

Yaya akanta ne a wani kamfanin gine-gine a nan Riyad, amma Faransanci ya fara karantawa a jami'a. Can ya tsinto mutumin da ya ishe mu da labarinsa har ya koma ga Allah: wani ministan kuɗi na sarkin Faransa a ƙarni na sha takwas. Ba iya lissafin mutumin ne ya burge Yaya ba. Gidansa ne. Matar ministan tana tara marubuta a falonta duk Juma'a, 'yarsu kuma ta tashi a cikinsu tana saurare har ta zama marubuciyar da duniya ta sani. Ko tumatir kuka je saye kasuwar Aziziya sai Yaya ya sako zancen nan. Da muka gaji muka laƙaba masa Ma'aji, sunan kuwa ya bi shi.

Shi fa da gaske yake. Duk wanda ya san gidajen Riyad ya san majalisa ɗakin baƙi maza ce, har ƙofarta daban. Yaya ya ce ranar Juma'a bayan la'asar ta mata ce. Matarsa Anti Hauwa likita ce mai rubuta waƙa, ni nas ce mai gajerun labarai, ga wasu matan da muka jawo. Shi kuwa sai ya koma kicin. Ya dafa gahawa, ya ƙwanƙwasa, ya ajiye tire a bakin ƙofa, ya juya abinsa. Abokansa sun yi masa tsiya har sun haƙura.

Damuwarsa ɗaya ce, 'yarsa Safiya. A nan aka haife ta, Larabci ne a bakinta, Hausa kuwa sai a hankali. Yakan tura ta cikinmu ko za ta kama. Ya rasu ba ta rubuta ko layi ɗaya da Hausa ba, bayansa kuma ta daina leƙa majalisar gaba ɗaya. Ni dai na fid da rai, kuma abin ya daɗe yana cina.

Sai ga Juma'ar da ta wuce! Safiya ta kwashe mu a mota, ita ke tuƙi, abin da Yaya bai rayu ya gani ba. Ta kai mu wani gidan gahawa a Dir'iyya, nan gefen Riyad, inda matasa ke karanta rubutunsu, maza da mata wuri guda. Aka kira sunanta. Yarinyar nan ta miƙe ta karanta labari da Hausa, tana ɗan tuntuɓe amma ba ta tsaya ba, sannan ta maimaita shi da Larabci. Ashe ta daɗe tana yi ba mu sani ba. Wallahi saura kaɗan in rangaɗa guɗa.

Sunan labarin "Ma'aji". Wata Balarabiya ta tambayi ma'anarsa, Safiya ta amsa ba ko gezau: "A Hausa, ma'aji shi ne namijin da ke bar wa mata ɗakinsa su yi rubutu, ya kawo musu gahawa." Ba wasa take ba. A bakinmu kaɗai ta taɓa jin kalmar, kuma abin da ta ga mai sunan yana yi ke nan.

Na buɗe baki, Anti Hauwa ta mintsine ni. "Kada ki kuskura ki gyara mata."

Da Yaya na nan, na san dariya zai yi har da riƙe ciki, sannan ya tambaya ko gahawar wurin ta kai tasa. Ministansa ya bar suna a littattafan tarihi. Yayana bai bar gida ko fili ba, kalma ɗaya ya bari, ta sauya ma'ana a bakin 'yarsa. Allah ya jiƙan Ma'aji. A gidanmu dai, ƙamus ne ya yi kuskure.