Ranar da Injin Sassabe Ya Niƙe Dabinon Gadona

Sallama gare ku ma'aikatan wannan mujalla, da duk mai karanta ta. Ni mace ce daga wani ƙauye na wajen Gidigir, a ƙasar Gure. Lokacin da abin nan ya same ni ina ƴar shekara arba'in da ɗoriya, ina ɗinki da keke a zauren gidanmu, ina da miji da ƴaƴa har da na aure. Na ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa nake rubuto muku da hannuna. Ba zan ambaci sunan kowa ba, amma ba zan ɓoye muku cewa har yau raina a ɓace yake ba.

Mu biyu mahaifinmu ya bari, ni da yayana namiji. Da aka zo rabon gado, dattawa suka ce ƙasar kwari ta Yaya ce tunda shi ke noma, ni kuma aka ba ni itatuwan dabinon da ke gefen rijiya. A wajenmu ba baƙon abu ba ne, mutum ya mallaki itace a cikin gonar wani, ya shiga ya fita, ba mai tare shi. Na karɓa da farin ciki, don dabinon nan mai laushi ne, irin wanda ba ya kwana a kasuwa. Sai dai itatuwan sun tsufa, wasu sun karkace, wasu sun daina haihuwa. Ni da maigidana muka ciro ƴaƴan da suka tsiro a gindinsu muka dasa a jere. Da guga na shayar da su, rani bayan rani, har fatar tafin hannuna ta yi kanta. Tsofaffin suka bi juna suka faɗi, ban damu ba, tunda ga magadansu na tasowa.

Ana haka ciwon ƙoda ya kama maigidana. Muka koma Damagaram wajen ƙanensa don mu kasance kusa da likita, zaman da muka ɗauka na wata ɗaya ne ya zama na shekaru. Shi kuwa Yaya ya bar noman kwari ya shiga fataucin dabbobi. Kafin mu dawo, ƙayar nan baƙuwa da aka kawo tun muna yara don ta tsare rairayi ta cinye wurin kakaf. Wanda ya san ta ya san abin da nake faɗa: awaki su ci ƴaƴanta su baza iri, ta tsiro ta sarƙe, ƙayarta ta huda takalmin roba kamar takarda. Ko jaki ba ya ratsawa. Washegarin dawowarmu na ɗauki adda na yi ta sara ina rarrafe har na kai bakin rijiya, zanena ya yage, hannuwana duk jini. Sai ga dabinona a raye. Sun kai ni tsayi, biyu ma sun fara fure. Na zauna a ƙasa na yi kuka, na ce Allah bai manta da ni ba, don a lokacin maigidana ba ya iya aikin komai, duk nauyin gida a kaina yake.

A ranin nan ne aka kawo wani inji aiki a kwarin maƙwabtanmu. Kamar tarakta yake, amma a gabansa akwai wata ganga mai haƙoran ƙarfe da ke juyawa. Duk itacen da ta taɓa sai ta ragargaza shi ta mai da shi ɓuraguzai, ta shimfiɗa a ƙasa. Aka ce ba ƙonawa, ba kwasa, ɓuraguzan za su riƙe laima su ruɓe su zama taki. Gari duka ya fita kallo, har da ni. Gaskiya abin ya burge ni, aikin da majiya ƙarfi za su yi wata suna yi, ya gama kafin azahar. Da Yaya ya ce zai ɗauki injin ya share kwarinmu ya shuka albasa, ni ce na fara sa masa albarka.

Amma ban yi sakaci ba. Na je har gidansa na durƙusa na gaishe shi, na tuna masa da dabinona da ke cikin ƙayar. Ya ce ai ya sani, in kwantar da hankalina. Na kwashi ƙyallayen jan yadi da suka rage min a ɗinki, na sake kutsawa cikin ƙayar, na ɗaura wa kowane itace a inda ido zai gani. Na sami direban injin yana cin abinci, na yi masa bayani. Ya saurare ni da mutunci, ya ce shi daga cikin injin ƙura ba ta barin sa ya ga komai sosai, sai dai wani ya tsaya a gaba yana nuna masa da hannu. Na koma na ce wa Yaya ni zan tsaya. Ya yi dariya ya ce mace a gaban inji cikin maza, me mutane za su ce da shi? Shi da kansa zai tsaya, kuma aikin ma sai bayan kasuwa ta ci.

Kwana biyu da yin haka aka kira ni a waya cewa babbar ƴata na naƙuda a Gure, haihuwar fari, kuma abin ya zo da gardama. Wace uwa ce za ta zauna? Na hau mota na tafi. Daga can na kira Yaya, ya ce injin bai ma gama da maƙwabta ba. Allah ya sauke ta lafiya, na zauna na yi mata wankan kwanakin farko, sannan na juyo gida da niyyar in koma ranar suna.

Tun daga kan tudun rairayi na hango kwarin, ban gane shi ba. Fili fetal, a share tas, daga wannan baki zuwa wancan. Ba abin da ke tsaye sai itacen guga na bakin rijiya. Na gangara da gudu, takalmina ɗaya ya cire ban tsaya ɗauka ba. Ƙasa duk ɓuraguzan itace, ƙafa na nutsewa, ga warin ɗanyen itace ya cika wurin. Na durƙusa inda na san jeren yake na yi ta tonawa da hannu. Na ciro zaren ganyen dabino, na ciro gutsuren jan ƙyallena, sannan na ciro farar zuciyar itacen, a dagargaje, har ta fara baƙi. Dabino ba kamar sauran itatuwa ba ne, in aka kashe zuciyarsa ya tafi ke nan. Ko ɗaya ba a bar min ba.

Ban san lokacin da na isa ƙofar gidan Yaya ba. Yana zaune da abokansa ana shan shayi. Ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba, na tsaya a kansa na tambaye shi ina dabinona. Ya ce in sassauta murya, akwai mutane. Na ce mutanen nake so su ji. Ya ce ƙaddara ce, injin ya zo ba zato, ƙura ta yi yawa, ƙyallayen ba su fito ba. Na ce to me ya hana ya kira ni, ga waya a aljihunsa? Sai ya ajiye kofin shayin ya dube ni ya ce, "Ke fa gadonki itace ne, ba ƙasa ba. Yanzu me ya rage miki a kwarin da za ki zo kina min ihu?"

Wallahi da mari ya yi min da ya fi min sauƙi. A nan na gane ba dabino kaɗai aka niƙe ba, har da hanyar da nake da ita ta shiga gonar ubana.

Na bi direban har ƙauyen da suka koma. Da ya gan ni ya sunkuyar da kai. Ya ce ya tambaya a kan jan ƙyallen da ya hango, aka ce masa gazuwal, wato man injin, na ƙonewa, ya bi layi kawai ya share. Ya ce ba wanda ya tsaya masa a gaba ranar. Ya roƙe ni gafara, na ce ba shi ya ci amanata ba.

Na kai ƙara wajen bulama, wato mai garinmu. Aka tara dattawa, aka yi ta magana. Yaya ya rantse bai yi da gangan ba. Daga nan kowa ya juyo kaina: ki yi haƙuri, ɗan'uwanki ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kada itace ya raba zumunci. Wani tsoho har cewa ya yi abin da ya fi ba shi kunya shi ne yadda na yi wa babban wana tsawa a gaban baƙi. Ku ji fa! An hallaka wahalar shekaruna cikin yini guda, amma laifin da aka gani shi ne muryata. A ƙarshe aka ce Yaya ya nemo min wasu ƴaƴan dabino. Na ce na ji, a ina zan dasa? Yaya ya ce ba dai inda zai sa albasa ba. Aka shafa fatiha, aka tashi.

Abin da ya ƙara ƙona min rai shi ne abin da damina ta nuna. Ashe injin sama kawai yake ci, saiwa na nan a ƙasa. Ruwa na sauka, kowane kututturen ƙaya ya fito da rassa fiye da na da, ga ƴaƴanta da aka niƙe aka baza su ma suka tsiro ko'ina. Albasar Yaya ba ta yi abin kirki ba, ya gaji ya koma kasuwar dabbobi. Yau in ka je kwarin, ƙayar ta fi ƙarfin mutum. Abin da aka zo kashewa ya tashi, abin da aka ce za a kiyaye shi ne ya mutu.

Ko da gangan ya yi, ko ganin ƙimar abina ne bai yi ba, ban sani ba, kuma na daina wahalar da kaina, don duka biyun ciwonsu ɗaya. Wata goggonmu da abin ya dame ta ta yankar min ɗan wuri a nata kwarin, a gaban shaidu, ta ce ƙasar da abin da ke kanta nawa ne. Na sake dashe. Ban sani ba ko zan ga ranar da za su haihu.

Ba ina cewa injin nan mugun abu ba ne. Inji ba shi da ido, idon mai shi yake bi. Abin da nake gaya wa ƴan'uwana, musamman mata masu itace a gonar wani, shi ne kada ku yarda da "na sani" ko "zan tsaya miki". In ba za ku samu zuwa ba, ku aika wanda asarar za ta yi masa zafi kamar ku, ko ku ce a dakata. Ku share kewayen itacenku da adda tun kafin injin ya iso. Ku tambaya wa zai tone saiwa bayan an tafi. Kuma ranar rabon gado, ku sa a faɗa a gaban kowa: in itacen ya mutu, wurin na wa?

A azumin bana Yaya ya aiko min da ƙullin dabino na kasuwa, wai in sha ruwa da shi. Ban kwance ba. Na ce a mayar masa, a ce ina gaishe shi.