Ranar da Na Sa wa Ɓarawon Rumbu Suna

A gidanmu na Gangara, in an gama kai hatsi rumbu sanyi ya sauko, Kaka Hajo kan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan sallar isha'i. Mu jikoki mu kewaye ta, ƙafafu na toyuwa, baya na daskarewa. Ni ba ta taɓa kiran sunana ba. Sunan marigayi mijinta aka sa mini, Isuhu, don haka Maigida take ce mini, har gidan duka suka ɗauka. A lakol kawai, a bakin malaman boko, nake jin sunana.

Cikin tatsuniyoyinta akwai ta wani mutum a shekarar yunwa. Ya ce wa matarsa rumbu ya ƙare, alhali ya ɓoye dami guda yana surfawa yana ci shi kaɗai. Matar ta ga ƙaiƙayi a gemunsa, ta kakkaɓe masa ta tafi neman tafasa. Kullum sai na tambaya, “Kaka, wa sunan shi?”

“Wani mutum ne, Maigida. Matso da karan nan.”

Wata shekara Baffa Sani, ƙanen babana, ya dawo daga aiki a Arlit da tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, irin wadda ake haɗawa da tele da batirin mota. Ya koya mini rubuta mata umarni layi-layi, kowane da lambarsa. Na kamu sosai, har tuwo sai an kira ni an sake kira. Na zauna na shirya abin da nake gani gyara ne ga aikin Kaka. Injin zai tambayi suna, sai ya zubo tatsuniyar duka da sunan a gurbin “wani mutum”.

Ranar nunawa na sa aka kinkimo tele har bakin wutar, gidan duka suka taru, manya da yara. Don in ba yara dariya, na buga sunana na lakol, na miƙe ina karantawa da ƙarfi: Isuhu ya ɓoye dami, Isuhu ya ci shi kaɗai. Yara suna ta ƙyaƙyatawa. Ga shi na manta ban sa masa wurin tsayawa ba, yana kaiwa ƙarshe sai ya koma farko.

Inna ce ta fizge wayar batirin. Kaka ta ja mayafi ta rufe baki, sannan ta ce, “Injin naka ya iya magana, Maigida. Ku je ku kwanta.”

Ta ci gaba da yi mana tatsuniya har ƙarshen ranta, amma wannan ba ta sake yin ta ba. Sai bayan rasuwarta gwaggona ta gaya mini cewa gemun na kakana ne, hannun da ya kakkaɓe kuwa na Kaka.

Yau da wannan sana'a nake ci a Yamai, sana'ar da komai sai ka raɗa masa suna kafin inji ya yarda ya yi aiki. Har yanzu kunya na kama ni in na tuna. Tsohuwa ta ɗauki shekaru tana fitar da abin da ke cinta ba tare da ta tona mijinta ba, ni kuwa na tsaya gaban 'ya'yanta na kira shi ɓarawo, ina jiran a tafa mini.