Ranar da Tasalla Ta Yi Waƙa a Lasifika

A Badarawa, in aka ambaci Inna Tasalla, sai an yi murmushi an tuno da lasifikar nan.

Zabiya ce a da. Da Shari'a ta zo aka rage kiɗan biki, walima da wa'azi suka maye gurbi, sai ta koma tuƙa tuwon taro. Ba ta yi ƙorafi ba. Abin da ke ci mata rai ɗanta ne Abbati, tela mai natsuwa, wanda ya nemi auren Rahama ɗiyar Liman. Liman bai ce yaron yana da aibu ba. Cewa kawai ya yi gidansu ba su saba haɗa zuri'a da maroƙa ba.

Ran wata walima, mai wa'azi ya tafi sallar la'asar, ya bar abin maganarsa a kunne bisa tabarma, dab da danga. Bayan dangar kuwa Tasalla ce da muciya, tana rera wata waƙa da ta ƙaga don kanta:

"Saurayi mai cewa ba ya barci don ke,
ƙarya ne, mun ji munsharinsa.
So shi ne ruwan da aka ɗebo miki ran da kike kwance.
Allah kawo ranar da za a tambayi halin yaro,
a bar tambayar sana'ar kakansa."

Har bakin kasuwa an ji. Samari suka sunkuyar da kai, domin maganar munsharin ba ƙage ba ce. Liman kuma yana alwala, aka ce ya daɗe riƙe da buta. Shi ne ya san Abbati ne ya yi ta jigilar ruwa gidansa lokacin da uwar Rahama ta kwanta ciwo.

Bayan kaka, sai Liman ya aika a ce wa dangin Abbati su zo. "A sahu ɗaya muke sallah," in ji shi, "ban taɓa tambayar kakan na kusa da ni ba."

Har yau matan unguwa na tsokanarta. Kwanan baya maƙwabciyarta Rekiya ta ce, "Inna, don Allah, ba ki san abin nan a kunne yake ba?"

"Wallahi da farko ban sani ba, ɗiyata," in ji Tasalla. "Amma da na ji muryata tana dawowa daga kasuwa, sai na matsa kusa da dangar."