Zanen Matar Malam a Bango

Jiya jikata ta dawo daga kasuwa da garin ɗorawa a leda. Tana kwancewa ƙamshinsa ya tashi, sai na ga na ajiye tsintsiyar da ke hannuna na zauna. Bari in gaya maka inda ƙamshin nan ya kai ni.

A shekarun yaƙin basasa muna zaune a gidajen ma'aikata na wata makaranta a gefen Kontagora. Babana shi ne direban motar makarantar, kullum yana hanya. Mahaifiyata ta rasu a daminar da ta gabata, sai Kaka, mahaifiyar Baba, ta baro ƙauye ta zo ta riƙe ni. Ba a sa ni makaranta ba tukuna. Idan yara suka tafi da safe, unguwar takan yi tsit, ba ka jin komai sai kukan kurciya da ƙarar kaba a hannun Kaka, domin saƙar faifai ce sana'arta. Ita ke rina kabarta da kanta, ja da karan dafi, rawaya da gangamau.

Shingen aduruku ne ya raba mu da gidan wani malami Ba'indiye mai koyar da lissafi. Matarsa ba ta jin Hausa, Turancinta ma kaɗan ne. Matar Malam muke ce mata. Ba ta zuwa suna, ba ta zuwa biki, ba wanda ke shiga wurinta. Nakan leƙa ta cikin shinge in gan ta zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa, tana wata siririyar waƙa da hanci.

Wata rana da bazara, lokacin da mangwaro ya fara ƙosawa, zafi kuma ya hana kowa sukuni, sai ga ta a ƙofarmu. Ta durƙusa kamar yadda ta ga mata na yi, ta nuna kabar da Kaka ta shanya, ta nuna tukunyar rini, ta miƙa 'yar kwalba. Da hannu da ido da 'yan kalmomi muka fahimci cewa a ƙasarsu akwai bikin shigowar sabon yanayi, da ake watsa wa juna garin launi, kuma ƙullin da danginta suka aiko mata bai iso ba saboda yaƙi.

Kaka ta karɓi kwalbar. Can ta ce da ni, “Tashi ki ɗauko min ƙananan ƙoƙuna.”

Ta zuba mata karan dafi da gangamau. Ta ƙara da shuni, da garin ɗorawa, da farar ƙasa. Da aka rasa kore, Kaka ta yi dariya ta ɗebo garin kuka na miya. Ta jiƙa ƙaro ta nuna mata yadda za ta haɗa don launin ya kama bango. Ni kuma na tattauna bakin asawaki har ya yi laushi, ya zama abin shafawa.

Ranar bikin, da hantsi, muka shiga gidanta. Bangon gidan ta baya fari ne fes, a nan ta yi zanen. Ta zana ɗawisu da shuni da kuka, ta zana bishiyar mangwaro, ta zana mata sun ɗaga hannu gari na tashi a kansu. A gefe guda ta zana wata yarinya mai dogon kitso. Ta nuna yarinyar, ta dafa ƙirjinta, sannan ta ɗora tafinta a kaina, wato tsawonmu ɗaya. 'Yarta ce, an bar ta can wurin kakanni tana karatu.

Ta miƙo min asawakin. Kaka ta ce, “Ban da mutum. Zana faifai.” Na yi ta kewaya da'ira, ja a cikin rawaya. Da Kaka ta ga na karkace, sai ta karɓa ta gyara, daga nan kuma ba ta mayar min ba sai da ta cika kusurwar bangon.

Ba wanda ya zo. Matar Malam ta soya wani abu mai zaƙi ta jera a faranti da yawa, amma mu biyu ne kawai muka ci. Daga baya ta dangwali garin ɗorawa ta nufo fuskata da shi, ta tsaya tana duban Kaka. Kaka ta kama hannuna ta miƙa mata tafin. Matar Malam ta shafa min, ta riƙe hannun ba ta sake ba, hawaye na bin kumatunta. Tun rasuwar mahaifiyata ba wanda ya riƙe min hannu haka.

Kafin la'asar magana ta zagaya unguwa. Baba ya dawo fuska a murtuke.

“Inna, an ce kin kai yarinyar nan wurin bautar gumaka.”

“Ban ga gunki ba, ban ga yanka ba,” in ji Kaka. “Mace na gani ita kaɗai.”

“Ni ne zan zauna da mutane a ƙofar masallaci, Inna. Don Allah kada ta sake shiga.”

Daga ranar ban sake shiga ba. Sai dai in tsaya a jikin shinge, Matar Malam ta ɗago hannu daga bakin ƙofa, ni ma in ɗaga. Ruwan farko da ya sauka ya wanke bangon, launukan suka gangara ƙasa suka zama laka. Kafin wata bazarar an yi wa mijinta canjin wurin aiki. Muna ƙauye gaisuwar mutuwa suka tafi, muka dawo muka tarar da ƙofa a kulle.

Yanzu gari ya haɗiye makarantar, masu babur na zirga-zirga a inda shingen yake. Jikokina sun san bikin nan fiye da ni, a waya suke kallon sa, har sunansa suka gaya min, wai Holi. Ranar da suka fara nuna min, na ga titi cike maƙil da mutane, kiɗa na tashi, kowa ya rine har ba a gane fuskar wani. Ashe bikin taro ne. Ni duk tsawon rayuwata na ɗauka biki ne da ake yi shiru a bayan shinge, da tsohuwa ɗaya da yarinya ɗaya. Na ce su kashe wayar, suka yi ta tambayata me ya faru.